Halim na Haidarabad: ina asalinsa, kuma yaya ake dafa shi har ya yi danƙo?

Uwar Biyu, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shekara biyu ke nan da na raka mahaifiyata ƙasar Indiya domin a yi mata aikin gwiwa, kuma Allah ya nufa zamanmu a birnin Haidarabad ya faɗo cikin watan azumi. Tun ranar farko na lura cewa da zarar la'asar ta yi, sai mutane su yi cincirindo a bakin gidajen abinci suna sayen wani abu mai kauri da ake zuba musu cikin robobi, a yaryaɗa masa mai, a barbaɗa soyayyiyar albasa, a ɗora yankan lemun tsami a gefe. Matar da muka kama haya a gidanta ce ta fara aiko mana da shi lokacin buɗa-baki, ta ce sunansa halim. A ido ya yi kama da tuwo mai laushi wanda bai gama ɗaurewa ba, a baki kuwa ɗanɗanon nama ne tsantsa, amma mutum ba ya samun tsoka ko guda da zai tauna, domin naman ya narke cikin alkamar ya koma zare-zare. Mahaifiyata, wadda abincin ƙasar bai karɓe ta ba tun zuwanmu, wannan kaɗai take cinyewa tas, kuma shi ya riƙe ta har muka dawo gida.

A azumin bara ta ce tana marmarinsa, sai na ɗaura niyyar yi mata. Na sayi garin alkama, na sa aka niƙa mini nama a inji, na soya albasa da tumatir kamar yadda ake fara miya, na haɗa su duka na dafa na kimanin awa ɗaya. Abin da ya fito ya tsinke kamar kunu, naman ya kwanta a ƙasan tukunya gudaji-gudaji, kuma ƙamshin da na sani babu shi ko kaɗan. Ta ci don kada in ji babu daɗi, amma na ga alamar ba shi ba ne a fuskarta, abin kuwa ya tsaya mini a rai har yau.

Tambayata biyu ce. Ta farko, ina asalin wannan abinci, domin wani ɗan uwanmu da ya daɗe a Makka ya ce ba na Indiyawa ba ne, harisar Larabawa ce aka sauya wa suna. Ta biyu, wadda ta fi damuna, yaya ake dafa shi da kayan da muke samu a kasuwanninmu har ya yi wannan danƙo? Azumi ya kusa, ina so a bana in faranta mata.

Ɗan Dala, Kano

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan kula. Na yi shekara huɗu ina karatu a Jami'ar Osmaniya da ke Haidarabad, ina zaune a unguwar Tolicoki inda ɗalibai 'yan Afirka suke da yawa, saboda haka zan amsa ɓangaren tarihin gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona. Girkin kuwa zan bar wa iyayenmu mata da suka fi ni saninsa.

Ɗan uwanku yana da gaskiya a rabin maganarsa. Tushen halim shi ne harisa, wadda Larabawan yankin Tekun Fasha da Yaman suke kira haris, wato alkama da nama da ake dafawa tare na tsawon lokaci sannan a buga su har su zama abu ɗaya. Tsohon abinci ne ƙwarai, domin yana cikin littafin girke-girke da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara a Bagadaza a ƙarni na 10, mai suna Kitab al-Tabikh. Yadda ya shiga Haidarabad kuwa yana da alaƙa da sha'anin soja. An kafa birnin a 1591 a zamanin Muhammad Ƙuli Ƙutub Shah, wanda ya gina hasumiyar Carminar da kika gani a tsakiyar tsohon gari. Aurangzeb, sarkin daular Mugal da ta mulki mafi yawan Indiya, ya ci daular gidan Ƙutub Shah a 1687, sannan a 1724 wani babban hakimin Mugal, Nizam al-Mulk Asaf Jah, ya tsaya da ƙafarsa a yankin Dekan, inda Haidarabad take, ya kafa gidan sarautar da aka sani da Nizam, wanda ya yi mulki har zuwa 1948 lokacin da sojojin Indiya suka shiga ƙasar aka haɗe ta da sauran tarayyar. Waɗannan sarakuna sun ɗauki Larabawa da yawa daga Hadramaut, a kudancin Yaman, aikin soja da gadin fada da baitulmali, musamman daga farkon ƙarni na 19. Mutanen gari suna kiran su Cawush, kalmar da asalinta muƙamin soja ne a harshen Turkanci, kuma jikokinsu suna nan har gobe a unguwar Barkas da ke kudancin tsohon gari, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Turanci ta barikin soja. Alaƙar ta yi ƙarfi har ta kai gidan Ƙu'aiti, wanda ya yi sarautar Mukalla da Shihr a Hadramaut, da dukiyar da kakansu ya tara yana hafsa a rundunar Nizam ya kafu.

Waɗannan sojoji da iyalansu ne suka zo da haris ɗinsu, kuma ana yawan ambaton wani basarake daga gidan Ƙu'aitin, Sultan Saif Nawaz Jang, a matsayin wanda ya fito da shi sarari, domin yakan sa a kawo shi a walimominsa inda manyan gari suke halarta. Na je Barkas sau da dama da sassafe musamman don in ci haris, kuma a can ba abincin azumi ba ne kawai, karin kumallo ne da ake samu duk shekara. Iri biyu ake yi, mai gishiri da mai zaƙi wanda ake barbaɗa wa sukari, kuma duk wanda ya ci zai gane cewa abinci ne mai sanyin hali, babu yaji mai yawa, sai ƙamshin man shanu da ɗan kirfa. Shi ne ya fi kusa da wanda alhazanmu suke cin karo da shi a Makka da Madina.

Inda na rabu da ɗan uwanku shi ne cewa da ya yi suna kawai aka sauya. Mutanen Dekan ba su da haƙurin cin abu salam, don haka da abincin ya fita daga Barkas ya shiga gidajen 'yan gari sai aka ƙara masa citta da tafarnuwa da ɗanyen barkono, da kanumfari da kirfa da 'ya'yan hel da Larabawa suke sa wa gahawa, da wani ɗan yaji mai wutsiya da suke kira kababcini, da busasshen furen wardi a wasu gidajen, aka kuma shigo da dangin wake ƙanana da suke kira dal. Aka ƙara yawan nama har ya rinjayi alkamar, aka ƙirƙiro abin da ake ɗorawa a kai na soyayyiyar albasa da na'ana'a da lemun tsami. Wanda ya ci haris a Barkas da safe, ya ci halim a kusa da Carminar da yamma, ba zai ce abu ɗaya ya ci ba, duk da cewa uwarsu ɗaya. Shigarsa gidajen sayar da abinci ya biyo baya ne a tsakiyar ƙarni na 20, ta hannun masu gidajen shayi 'yan asalin Iran, kuma daga nan ya zama alamar azumi a birnin, har waɗanda ba Musulmi ba suna bin layi su saya. A 2010 hukumar Indiya mai rajistar kayan da aka san wani yanki da su ta ba halim na Haidarabad wannan shaida, kuma shi ne abincin nama na farko a ƙasar da ya same ta.

Abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne aikin da ke bayansa, kuma ina jin a nan amsar tambayarki ta biyu take. Tun cikin Sha'aban ake fara gina murhu na bulo da laka a gaban gidajen abinci, wanda suke kira batti, a dasa manyan tukwanen tagulla a cikinsa har wuya ta yadda bakin tukunyar kaɗai yake a waje. Da itace ake dafawa. Ana ɗora nama tun da duhun asuba, ya yi ta dahuwa har ya saki ƙashi, a zuba alkama, a rufe tukunya a janye itacen a bar ta da zafin garwashi, sannan bayan azahar ƙarti biyu su hau kan murhun da dogayen muciyoyi na katako, waɗanda suke kira gotni, su yi ta bugu suna tuƙawa suna karɓa-karɓa, alhali da yawansu suna ɗauke da azumi a bakinsu cikin zafin wuta. Daga ɗorawa zuwa saukewa yakan ci awa goma zuwa goma sha biyu. Awa ɗaya da kika ba shi, Hajiya, ko naman bai isa ya yi laushin da ake bukata ba.

Goggon Yara, Jidda

'Yata Uwar Biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Na shekara goma sha tara a Jidda, kuma mutanen Haidarabad suna da yawa a nan, har maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa 'yar can ce. A wurinta na koya, kuma na yi shi a nan, na yi shi a Kano lokacin da na je ganin gida, da kayan kasuwar Rimi, bai ba ni kunya ba. Ki kwantar da hankalinki, duk macen da ta iya tuƙa tuwo ta kuma iya dambun nama ta riga ta mallaki hannun da ake bukata, domin halim kamar an haɗa ayyukan nan biyu ne a tukunya ɗaya.

Kurakuranki uku ne, kuma gara in fara da su. Garin alkama ba ya yin halim, kunu yake yi. Abin da ake so shi ne tsabar alkama da aka surfe aka cire mata dusa, sannan a ɓarza ta sama-sama, kamar wadda ake yi wa dashishi amma ta fi ta girma kaɗan. Niƙaƙƙen nama kuma shi ne ya hana ki samun zaren nan da Mama take nema, domin inji ya riga ya yanke jijiyoyin tsokar gajeru, babu abin da zai miƙe ya saƙu da alkamar. Na uku, tumatir ba ya shiga halim, haka manja da tattasai.

Ga yadda nake yi wa gidan mutum takwas zuwa goma. Ki nemi naman rago ko na akuya kilo ɗaya da rabi, ki ce wa mahauci ya haɗa miki da ƙashi mai ɓargo da ɗan kitse, kuma cinya da kafaɗa da wuya sun fi, domin romon ƙashin yana cikin abin da yake kawo danƙon. Ɓarzajjiyar alkama gwangwanin madara biyu ta isa. Kada ki ga kamar ta yi kaɗan ki ƙara, tana kumbura ƙwarai, kuma idan ta rinjayi naman kin koma faten alkama. Maƙwabciyata tana ƙara rabin gwangwani na dal iri uku ko huɗu a haɗe, da ɗan dintsin shinkafa. Idan kin samu adas, wanda yake ɗaya daga cikin dangin dal ɗin, a shagunan da suke sayar da kayan Larabawa, ki sa rabin gwangwani. Idan ba ki samu ba, ki bar shi, kada ki musanya da wakenmu, domin na taɓa gwadawa sai ƙamshin waken ya danne komai. Ki wanke alkamar da adas ɗin ki jiƙa su tun dare.

Da safe ki fara da albasa manya guda biyar. Ki yanka ta siriri ƙwarai, ki soya ta a mai mai yawa da wuta matsakaiciya har ta yi ja kamar zuma, ki tsame ta ki baza a faranti ta sha iska ta yi ƙaras-ƙaras. Ki kula kada ta yi baƙi, domin ɗacinta ba ya fita daga abinci. Rabi za ta shiga tukunya, rabi ki ajiye ta zubawa a kai. A tukunya mai kaurin gindi ki zuba man shanu soyayye ludayi ɗaya, ki jefa sandar kirfa biyu, kanumfari kamar takwas, 'ya'yan hel kamar takwas, wato wanda Larabawa suke sa wa gahawa, da masoro cokalin shayi ɗaya. A kan masoron ina da magana: kababcinin da Ɗan Dala ya ambata ɗan uwan masoronmu ne na jini, dukansu ƙwayoyi ne masu 'yar wutsiya, kuma ranar da na nuna wa maƙwabciyata namu ta shinshina ta ce zai yi. Idan ƙamshi ya tashi ki zuba dakakkiyar ɗanyar citta da tafarnuwa cokalin cin abinci uku, ki juya kaɗan, ki zuba naman, kurkum rabin cokali, ɗanyen barkono kore guda biyar ko attaruhu biyu, gishiri, kindirmo kofi ɗaya, da rabin albasar nan. Ki juya har ruwan kindirmon ya tsotse mai ya fito, sannan ki tsaida ruwa ya sha kan naman da kamar yatsu huɗu, ki rufe, ki rage wuta. Ki ba shi awa uku zuwa huɗu. Alamar ya yi ita ce ki ɗaga ƙashi da cokali naman ya zame da kansa ya faɗa cikin romo.

A wata tukunyar ki dafa alkamar da adas da ruwa mai yawa da ɗan gishiri da ɗan kurkum, kina juyawa lokaci-lokaci, har ƙwayar ta fashe ta narke idan kin murza ta tsakanin yatsu, abin da yakan ɗauki awa biyu ko fiye. Idan ta yi, ki burge ta da maburgi ko ki tuƙa ta da muciya har ta yi sumul.

Yanzu sai wurin da ake bukatar natsuwa. Ki tsame naman ki tace romon da rariya ki ajiye. Ki zauna da tire ki bi naman da hannu ki tsince duk wani ƙashi da guringuntsi da ɓawon hel da kanumfari da kirfa. Kada ki ba yara wannan aiki kuma kada ki yi shi cikin gaggawa, domin ƙashin akuya yana da tsartse ƙanana masu kaifi da suke ɓuya cikin abu mai kauri, ga shi tsohuwa za a ba. Ki kwankwatse ɓargon ki mayar cikin naman. Ki ɗan daddaka naman a turmi kamar za ki yi dambu, amma kada ki kai shi ga laushin dambu, ya dai warware.

Ki juye naman cikin alkamar, ki zuba rabin romon, ki mayar kan wuta 'yar kaɗan, ki kama muciya. Tuƙi ne irin na tuwo, kina dannawa jikin tukunya kina ɗagowa kina bugawa, kina kankare gindin don kada ya kama, domin idan ya yi ƙauri babu gyara. Duk lokacin da ya yi tauri ki ƙara romo ludayi ɗaya da man shanu cokali ɗaya. Za ki yi minti arba'in zuwa awa ɗaya a haka, saboda haka ki samu wadda za ta riƙa karɓar ki. Da farko za ki ga nama daban alkama daban, can sai launin ya koma ɗaya, ya fara sheƙi, muciyar ta fara nauyi. Ki ɗebo da ludayi ki karkata: idan ya zubo kamar ruwa da saura, idan ya faɗo dunƙule kamar tuwo ya yi tauri sai a ƙara romo, idan kuwa ya sauko a hankali yana jan jiki, kina ganin zaren nama yana bin sa, to ya yi. Daga nan ki barbaɗa ɗan garin kirfa da hel da masoro, ki zuba sauran man shanun, ki rufe ki bar shi a kan garwashi ko mafi ƙanƙantar wutar gas na rabin awa ya turara. Gaba ɗaya man shanun da nake sawa bai wuce gwangwanin madara ɗaya ba. Wajen zubawa ki yaryaɗa ɗan romo da mai a kai, ki sa albasar da kika ajiye, na'ana'a, da lemun tsami. Lemun ba ado ba ne, shi yake yanke maiƙon ya sa a iya cinyewa.

Almajirin Malam, Sakkwato

Assalamu alaikum. Na amfana da bayanin Malam Ɗan Dala da na Goggo, Allah ya saka musu. Ina da ƙari a kan tarihin, da kuma wani jan hankali da nake ganin ya wajaba tun da abincin ya shafi azumi.

Labarin sojojin Hadramaut ingantacce ne game da Haidarabad, amma bai kamata a fahimci cewa kafin su ƙasar Indiya ba ta san wannan abinci ba. Abul Fadal, wazirin sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya rubuta littafin Ain-i-Akbari a kan tsarin fada, kuma a babin da ya yi magana kan ɗakin girkin sarki ya kawo harisa da halim a matsayin abinci biyu mabambanta. Harisar da ya bayyana awo goma ne na nama, biyar na ɓarzajjiyar alkama, biyu na man shanu, sai gishiri da kirfa kawai. Halim ɗin kuwa, ban da nama da alkama, yana da dangin wake da albasa da citta da za'afaran, har da karas da alayyafo. Wannan yana nuna cewa sunan halim da ɗabi'ar ƙara masa kayan ƙamshi sun riga zuwan Cawush da fiye da shekara ɗari biyu, ta hanyar Farisa da fadar Mugal, kuma gidan Nizam kansa daga wannan fada ya fito. Abin da na fi karkata gare shi shi ne koguna biyu ne suka haɗu a Haidarabad, na Larabawan Barkas da ya kawo bugun nan mai tsanani har nama ya narke, da na fadar Mugal da ya kawo kayan ƙamshi. Shi ya sa ake samun 'yan uwansa a wurare da dama: a Sirinagar ta Kashmir ana cin harisa da sanyin safiya a lokacin hunturu, Musulmin gaɓar Malabar a Kerala suna da alisa da suke yi a bukukuwan aure, a Iran ana karya kumallo da halim mai kirfa da sukari, sannan akwai kicira a Mumbai da arewacin Indiya, wanda bambancinsa shi ne ana barin naman gutsure-gutsure ba a buge shi. A wurare da yawa ma an fi danganta shi da Ashura, inda ake dafa manyan tukwane a raba sadaka, fiye da Ramadan.

Kalmar harisa daga harasa take a Larabci, wato ya daka ko ya farfasa, saboda haka sunan da kansa yana faɗin abin da Goggo ta nanata, cewa aikin yana ga bugu. Game da sunan halim, wasu a Indiya da Pakistan suna ƙyamar kiran abinci da shi saboda Al-Halim yana cikin sunayen Allah kyawawa, sai suka koma cewa dalim. Ina girmama tsantseninsu, amma kalmar ba tare da alif da lam ba sifa ce da Alƙur'ani ya siffanta Annabi Ibrahim da ita, kuma ana siffanta mutane da ita, don haka ban ga abin tsanantawa ba.

Jan hankalin shi ne, za ku iya cin karo da rubuce-rubuce a intanet da suke jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar cewa harisa tana ƙarfafa baya. Malaman hadisi sun ƙidaya wannan cikin maganganun da aka ƙirƙira, kuma Ibn al-Ƙayyim ya kawo shi a Al-Manar al-Munif a matsayin misalin abin da ya fi kama da zancen masu magani. Abincin da ya tabbata a hadisi shi ne sarid, wato gurasa da romon nama, da talbina ta sha'ir da ake ba mara lafiya da mai baƙin ciki. A ci halim don daɗinsa da amfaninsa ga mai azumi, kada a ɗora masa falalar da ba ta inganta ba.

Uwar Biyu, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, na bi bayaninki jiya don gwaji kafin azumi, da rabin awon da kika faɗa, kuma na samu alkamar a kasuwar Sabon Gari aka surfa mini. Zaren ya fito, Mama ta ci ta ƙara, ta ce ƙamshin ne ya fara gaya mata tun kafin a kawo. Abu biyu suka rage mini. Tuƙin ya yi mini nauyi ni kaɗai, kuma da azumi a baki ina tsoron ba zan iya ba, shin zan iya sa shi a injin markaɗe? Sannan wanda ya kwana ya daskare kamar tuwo, ban san yadda zan ɗumama shi ba tare da ya lalace ba.

Goggon Yara, Jidda

Madalla, 'yata, na ji daɗin wannan labari, ki gaishe mini da Mama. Injin markaɗe ki sa masa dafaffiyar alkamar kaɗai, wannan zai rage miki kusan rabin aikin kuma maƙwabciyata ma haka take yi. Naman kuwa kada ya kusanci injin, domin wuƙarsa za ta yanke zaren da kika sha wahala kika samu. Ki daka shi a turmi ya warware sosai, sai tuƙin ya dawo minti ashirin. Da azumi ni ina dafa naman in tsince ƙashin bayan tarawihi, in sa nama da romo a firji, washegari bayan azahar sai alkama da tuƙi kawai.

Daskarewar alama ce ta cewa romon ƙashin ya yi kyau. Ki riƙa rage romo kofi ɗaya kina ajiyewa musamman don ɗumame. Ki tafasa romon a tukunya tukuna, sannan ki gutsura halim ɗin a ciki, ki rage wuta ki yi ta juyawa har ya saki ya tafasa ko'ina. Idan babu romo, ruwan zafi da ɗan man shanu zai yi. Abu ne mai nama da alkama, kuma zafin bazara ba ya raga masa, saboda haka da ya huce ki kai shi firji, idan kuma wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku ki dafa daidai wanda za a cinye daga buɗa-baki zuwa sahur. Albasar da za ki zuba a kai ki ajiye ta daban a kwalba mai murfi, domin idan ta kwana a kan halim ɗin laushi take yi.